"Ai ba yanka za a yi ba": maganar da ke ɓoye haɗarin ERCP

In ka taɓa raka mai ciwon shawara daga Minjibir zuwa asibiti a birni, aka gano tsakuwa ce ta toshe masa hanyar ruwan maɗaciya, wataƙila ka ji an ce: "Ai yanzu ba sai an yanka ba, ta baki ake cirowa." Sunan aikin ERCP. Wannan lallashin ne ni bai yi mini ba, don yana sa dangi su ɗauka kamar hoto kawai za a ɗauka.

Tiyo mai kyamara ake zurawa ta baki har farkon ƙaramin hanji, inda bututun maɗaciya da na fankiriyas ke fitowa ta kafa ɗaya. Sau da yawa sai an tsaga bakin kafar kafin tsakuwar ta fito, dabarar da aka fara a Jamus da Japan a 1974. Ka ga ke nan akwai yanka, a ciki yake.

Fankiriyas kuwa, gaɓar nan da ke samar da insulin, ba ta son taɓi. Waya ta kauce ta shiga bututunta, ko ruwan hoto ya matsa mata, sai ta kumbura. Wannan kan sami mutum 3 zuwa 10 cikin 100. Yawanci kwana kaɗan ne a warke, amma wani lokacin yakan kai ga rasa rai. Bayan shi akwai zubar jini, hujewar hanji, da shigar ƙwayoyin cuta.

Abin haushin, akwai rigakafi mai araha. Wani bincike a Amurka a 2012 ya nuna matsa maganin indometasin ta dubura ya rage kumburin daga kashi 16.9 zuwa 9.2 cikin 100 ga masu babban haɗari. Ka tambayi likita ko za a sa.

Kar ka ɗauka cewa nake a ƙi aikin. Toshewar da ta haɗu da zazzaɓi kisa take yi, kuma masu sikila, da tsakuwar maɗaciya ta fi addaba, na cikin masu buƙatarsa. Amma in dubawa kawai ake so, hoton MRCP ya isa, ba sai an zura komai ba.

Inda maganar ta fi cutarwa shi ne bayan sallama. Jinin kan ɓalle bayan kwanaki, mutum ya riga ya koma ƙauye, inda samun mota da tsakar dare aiki ne. Wanda aka ce masa "ba komai" zai ga ciwon ciki mai sukar baya ya ce shawarar ce ta motsa, a jiƙa masa sassaƙe. To, wannan ciwon, ko amai, ko zazzaɓi da rawar sanyi, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, kowanne na nufin a koma asibiti a daren. Gara ma ku kwana biyu wurin 'yan'uwa a Kano kafin ku kama hanyar gida.