Waƙar Sangaya: mi ta bar mana?

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Ƙwanni wajen shekarar 2000 ya san waƙar Sangaya. Waƙar soyayya ce daga wani fim mai wannan suna, wanda kamfanin Sarauniya na Kano ya yi a 1999. Ali Nuhu ya fito a ɗan sarki, Fati Muhammad kuma a yarinya mai aiki gidan sarauta. Kasat ɗin ya ƙetaro iyaka, ya shiga kasuwar Ƙwanni, ya kai Malbaza, Galmi da Badagishiri. Yara da ƴan mata suka haddace ta.

Turawa suna kiran irin wannan waƙa "waƙar cingam", don zaƙinta na nan take ne. A 1969 an yi wata a Amurka mai suna "Sugar, Sugar". Ta zo ta ɗaya a Amurka da Ingila. Amma mawaƙan da ake nunawa a talabijin zane ne kawai, masu muryar suna ɓoye. Haka ma Sangaya: ƴan wasa suna motsa baki, waɗansu ne suka rera.

To, ina kyawonta? Da Hausa aka yi ta, lokacin da waƙoƙin Indiya suka cika kunnen samari. Ba ta yabon mai kuɗi, ba ta roƙon kowa. Saurayi da budurwa ne ke amsa wa juna. Amshinta gajere ne, ji ɗaya ka riƙe shi.

Ina kuma aibinta? Kalmominta ba su da nauyi. Ka saurari Shata ko Ɗan Anace, za ka samu karin magana da tarihin mutane. A nan babu wannan. Abu na biyu ya fi girma. Kiɗanta na fiyano ne, mutum ɗaya ke danna shi cikin ɗaki yana kwaikwayon ganga da sarewa. Da masu fim suka ga kasuwa ta buɗe, sai kowa ya bi. Waƙoƙin nanaye suka yawaita har ka kasa bambanta wannan da waccan. A bukukuwa da yawa, lasifika ta maye gurbin mai kalangu, abincinsa ya ragu.

Duk da haka, hanyar da ta share ba ta mutu ba. Ta nan Fati Nijar ta bi, ta nan Hamisu Breaker ya biyo da "Jaruma" a 2020.

Ba laifi ba ne a ji daɗin Sangaya. Amma cingam ba ya zama tuwo. In za ku yi buki, ku kira makaɗin garinku shi ma. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku zauna da tsofaffi mata, ku rubuta waƙoƙin daɓe da na niƙa kafin su ɓace.