Gwanintar da ke ɓoye a bayan maɓalli

Duk wanda ya taɓa tura kuɗi da waya ya san maɓallin nan da ake dannawa a ƙarshe. Ba ya tsayawa ya yi tunani a kansa, yatsa ne ke zuwa wurin da kansa. Wannan sauƙin wani ne ya yi guminsa, kuma a sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'i akan shafe zangon karatu guda ana koyon yadda ake samar da shi.

A da, mai son kwamfuta ta yi masa aiki sai ya haddace umarni ya rubuta, idan ya kuskure harafi ɗaya ta yi masa kunnen uwar shegu. A 1968 Douglas Engelbart ya nuna wa taro linzamin kwamfuta a San Francisco. A 1973 cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto ta ƙera kwamfutar Alto mai tagogi a allo, sannan kwamfutar Macintosh ta kai abin hannun jama'a a 1984. A wannan aikin ne Susan Kare, wadda fasahar zane ta karanta ba lissafi ba, ta zana gumakan Macintosh na farko, wato ƙananan hotunan da ke kan allo. Kowane gunki fili ne mai gidaje 32 a tsaye, 32 a kwance, baƙi da fari kawai, amma a cikinsa ta fitar da kwandon shara da kowa zai gane da kallo ɗaya. Wanda yake ganin abin wasa ne, ya samu takarda mai layi ya gwada.

Darasin da ya fi burge ni ya girmi kwamfutar tebur. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam, Paul Fitts, ya auna motsin hannu, ya gano cewa lokacin da ake ɗauka kafin a taɓa abu ya dogara da nisansa da kuma girmansa. Magana ce da kamar kowa ya sani, sai dai shi ya mayar da ita lissafi. Daga nan ɗalibi ke fahimtar dalilin da Macintosh ta jera umarninta a can saman allo: linzami ba ya iya wuce gefe, don haka ko da garaje aka tura shi, nan zai tsaya. Haka kuma yake koyon amfani da ƙa'idar a juye. Maɓallin goge komai a ƙanƙanta shi, a nisanta shi da na ajiyewa, don kada yatsa mai sauri ya yi ɓarna.

Sai kuma rubuta manhajar, inda ɗalibai da yawa ke jin jiki. Shirin da suka saba da shi yana farawa daga sama ya ƙare a ƙasa. Na allo kuwa kamar mai tireda yake: yana zaune yana jira, bai san wa zai zo ba, bai san me za a nema ba. An danna, an ja, an rubuta, kowanne sai ya samu amsa nan take. Yawancin alluna suna sabunta hoto sau 60 ko fiye a daƙiƙa, don haka idan aka ɗora wa wannan madaukin jira aiki mai nauyi, kamar ɗauko bayani daga intanet, sai allo ya sandare, mai waya ya fara tsaki. Gwani yana tura nauyin gefe, ya bar allo yana motsi.

Mafi wuya duka shi ne gwaji. A zaunar da wanda bai taɓa ganin manhajar ba, a ba shi aiki, mai ita ya kame bakinsa ko da yana ganin mutumin na lalube. Wani masanin irin wannan gwaji, Jakob Nielsen, ya nuna cewa mutum biyar sun isa su tona yawancin matsalolin. Idan mai gwajin Bahaushe ne, a sa shi ya rubuta Ɗanladi ko Ƙaraye, a ga ko harafin zai fito ko ɗan akwati ne zai tsaya a madadinsa.