Jarrabawar Ƙwarewa a Harshen Japananci da Matsayin Mai Koyon Hausa a Ƙasar Kagoma: Tsokaci

1.0 Gabatarwa

Kowace jarrabawar harshe tana ɗauke da wani zato game da wanda zai zauna mata. Wata takan ɗauka cewa ɗalibi da harshen ya buɗe baki, wata kuma takan ɗauka cewa baƙo ne da ya fara tsintar harshen a cikin aji. Idan zaton ya yi daidai, sakamakon ya zama shaida a kan abin da ɗalibi ya iya. Idan kuwa ya kauce, to an auna yaro da mudun da ba nasa ba. A wannan tsokaci za mu duba jarrabawar da ƙasar Japan ta tanadar wa baƙi masu koyon harshenta, wadda aka fi sani da JLPT, mu fito da ƙarfinta da rauninta. Daga nan sai mu ɗora abin da muka gani a kan halin da ɗalibin Hausa yake ciki a ƙasar Kagoma da ke Ƙaramar Hukumar Jama'a a kudancin Jihar Kaduna. Tambayarmu ita ce: in za a samar wa Hausa jarrabawar ƙwarewa, me ya kamata a ara daga Japan, me kuma ya kamata a bar musu?

2.0 Tsarin Jarrabawar JLPT

An fara gudanar da wannan jarrabawa a shekarar 1984 da mutane kimanin 7,000 a ƙasashe 15. Ya zuwa 2018 masu zaman ta a shekara sun haura miliyan ɗaya. Gidauniyar Japan ce ke kula da ita a ƙasashen waje, a cikin gida kuma wata hukumar musayar ilimi mai suna JEES. Ana yin ta a watan Yuli da watan Disamba, ko da yake wasu cibiyoyin waje sau ɗaya suke yi a shekara.

Da farko matakai huɗu gare ta. A tsohon tsarin, mataki na ƙasa yana buƙatar kalmomi kimanin 800 da haruffan kanji 100, na ƙoli kuwa kalmomi kimanin 10,000 da kanji 2,000. A shekarar 2010 aka yi mata garambawul, matakan suka koma biyar, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1 mafi tsauri. An saka N3 ne domin cike tazarar da ta yi wa ɗalibai faɗi tsakanin tsofaffin matakai na uku da na biyu. Abubuwan da ake aunawa su ne sanin kalmomi da nahawu, da karatu, da sauraro. Jimillar maki 180 ce. Mai neman N1 sai ya sami 100, mai neman N5 kuma 80. Bugu da ƙari, kowane sashe yana da mafi ƙarancin makinsa: a matakai uku na sama, wanda ya kasa samun 19 cikin 60 a sashe guda ya faɗi, ko da jimillarsa ta wuce abin da ake nema.

3.0 Ƙarfin Jarrabawar

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne tsarin hawa-hawa. Mai koyo yana zaɓen matakin da ya dace da shi, ba tare da an tambayi shekarunsa ko ajinsa ba, kuma yana ganin tsanin da zai taka nan gaba. Na biyu shi ne sharaɗin cin kowane sashe, wanda ke hana mutum ya ɓoye kurumtarsa a bayan haddar nahawu. Na uku, ana daidaita makin ta hanyar lissafin da ke la'akari da nauyin tambayoyi, domin kada wanda ya zauna a shekarar da takarda ta yi zafi ya cutu. Na huɗu, takardar shaidar tana da daraja a wajen makaranta. Hukumomin shige da fice na Japan suna ba mai N1 maki 15, mai N2 kuma maki 10, a tsarinsu na tantance ƙwararrun ma'aikata, sannan tun 2019 matakin N4 yana cikin shaidun da ake karɓa daga masu neman izinin aiki a wasu sana'o'i. Wato ɗalibi ya san abin da wahalarsa za ta saya masa.

4.0 Raunin Jarrabawar

Duk da haka, jarrabawar tana da giɓi babba. Dukkan tambayoyinta na zaɓi-ka-cike ne. Ba a buƙatar ɗalibi ya furta kalma ko ɗaya, ko ya rubuta jimla da hannunsa. Saboda haka mutum yana iya riƙe shaidar N1 alhali bai taɓa nuna wa kowa cewa zai iya rubuta wasiƙa ko ya kare ra'ayinsa a gaban jama'a ba. Masana harshe sun daɗe da raba ƙwarewa gida huɗu: sauraro da magana da karatu da rubutu. JLPT biyu kawai take taɓawa, amma sunanta yana iƙirarin ƙwarewa gaba ɗaya. Illar ba ta tsaya a zauren jarrabawa ba, domin malami abin da za a tambaya yake koyarwa. Inda ba a jarraba magana, to magana ce ke fara fita daga jadawalin darasi.

Rauni na biyu shi ne, takarda ɗaya ake miƙa wa mutanen da mafarinsu ya sha bamban. Basine da ya tashi da haruffan da kanji ya samo asali daga gare su yana gane ma'anar kalmomi da yawa tun kafin ya iya furta su. Ɗan Afirka kuwa daga sifili yake farawa. Sakamakon ba ya nuna wannan bambanci, bare ya gaya wa malami inda kowannensu yake buƙatar taimako. Wannan rauni shi ne ya fi kusa da matsalarmu.

5.0 Ɗalibin Kagoma: Ba Ɗan Gida Ba, Ba Baƙo Ba

Mutanen Kagoma suna kiran kansu Gwong, harshensu kuma Gyong, ɗaya daga harsunan rukunin Filato, kamar maƙwabtansa Hyam da Jju da Tyap. Hausa ta daɗe da zama harshen hulɗa a wannan yanki. Mahaɗar jirgin ƙasa da aka kafa a Kafanchan a ƙarshen shekarun 1920 ta tara ƙabilu iri-iri, 'yan mishan sun yi wa'azi da koyarwa da Hausa, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932. Yaron da ya tashi a Fadan Kagoma yakan ji Gyong a gida, ya yi ciniki da Hausa a kasuwa, ya yi waƙa da ita a coci, sannan ya tarar da Ingilishi a makaranta.

To, a wane gurbi manhajarmu ta ajiye wannan yaro? Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda ta fara fitowa a 1977, ta tanadi a bugunta na 2004 cewa a ƙaramar sakandare a koyar da harshen muhalli a matsayin harshe na ɗaya, a kuma koyar da ɗaya daga manyan harsuna uku a matsayin harshe na biyu. Gurbi biyu ke nan, kuma ɗalibinmu bai zauna daidai a ko ɗaya ba. In aka sa shi a ajin harshe na biyu, za a ɓata masa lokaci da koyon gaisuwa da ƙidaya, abin da ya iya tun yana goye. In aka kai shi ajin harshe na ɗaya, za a auna shi da ma'aunin ɗan Kano ko Katsina. A babbar sakandare kuwa, takardar Hausa ta WAEC da ta NECO ba su raba masu zama gida biyu. Insha'i da nahawu da tsarin sauti da fassara da adabi da al'adun Hausawa, duk kaya ɗaya ake ɗora wa kowa, kuma babu gwajin baka.

Wuraren da irin wannan ɗalibi yake tuntuɓe sanannu ne ga duk malamin da ya yi aiki a yankin. Harsunan Filato ba sa raba sunaye zuwa namiji da mace, don haka sai a ji "mota ya zo" ko "rigan Ladi". Baƙaƙe masu ƙugiya sukan narke, ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki, baƙi ya rikiɗe ya zama baki. Ga kuma raba kalmomi da haɗe su a rubuce, da tambayoyi kan bukukuwa da sarautu da sana'o'in da bai taɓa gani da idonsa ba. Waɗannan ba alamun rashin basira ba ne. Siffofi ne na Hausar hulɗa, masu bin tsari, waɗanda za a iya karantar da su ɗaya bayan ɗaya. Amma takardar sakamako ba ta faɗin haka. Abin da take nunawa F9 ne ko D7, ga yaron da zai iya sasanta rikicin gona da Hausa ba tare da ya yi gargada ba. Ba abin mamaki ba ne idan ƙannensa suka ga linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, suka guje wa darasin baki ɗaya.

6.0 Abin Ara da Abin Bari

Da za a kwafo JLPT yadda take a mayar da ita Hausa, da an sake cutar ɗalibin Kagoma ta wata fuskar. Ba za ta ji bakinsa ba, wanda nan ne ƙarfinsa yake, ba kuma za ta duba rubutunsa ba, wanda nan ne buƙatarsa take. Kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ya cancanci ara shi ne tunanin matakai, da sharaɗin cin kowane sashe, da daidaita ma'auni daga shekara zuwa shekara. Wannan tunani ma ba baƙo ba ne ga Hausa. A zamanin mulkin mallaka, jami'an Turawa a Arewa suna zaman jarrabawar Hausa mai mataki biyu, ƙarami da babba, kuma ci gabansu a aiki yana da alaƙa da cin ta. Abin takaici ne a ce an taɓa yi wa Joji da Razdan tsani, amma ba a yi wa ɗan ƙasa ba.

Akwai kuma wani hanzari. Japananci ba ya barazana ga harshen wanda ya koye shi a Legas ko Nairobi, amma Hausa tana cin iyakar ƙananan harsunan kudancin Kaduna, kuma iyaye da shugabannin al'umma suna sane da haka. Jarrabawar da za ta ɗaukaka Hausa ta bar Gyong a ƙofar makaranta za ta gamu da turjiya, kuma turjiyar tana da hujja.

7.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari:

1. Masu tsara manhaja su amince da rukuni na uku, wato masu Hausar hulɗa, a tanadar musu darussan da suka doshi jinsi da baƙaƙe masu ƙugiya da ƙa'idojin rubutu.
2. A samar da jarrabawar ƙwarewa mai matakai, wadda ba a ɗaure ta da aji ko shekaru ba, shiga cikinta kuma ya zama na ganin dama.
3. Ta auna sauraro da magana da karatu da rubutu, a kuma rubuta makin kowane sashe daban a jikin takardar shaida.
4. A raba iya harshe da sanin adabi da al'ada, kowanne ya sami takardarsa.
5. A gwajin baka a karɓi kowane kari muddin saƙo ya isa, a bar tilasta Daidaitacciyar Hausa ga sashen rubutu.
6. Kwalejojin ilimi na yankin, irin ta Gidan Waya, su horar da malamai kan kwatanta tsarin Hausa da na harsunan ɗalibansu, a kuma tallafa wa rubuta Gyong da koyar da shi a firamare.

8.0 Kammalawa

Manufofin gwamnati kan harshe sukan sauya. A 2022 an amince da koyarwa da harshen uwa a firamare, a 2025 kuma aka janye. Ɗalibin Kagoma dai yana nan a kan bencinsa da harsuna uku a bakinsa. Mun ga cewa JLPT ta yi nasara wajen gina tsani mai daraja, ta kuma gaza wajen sauraron muryar mai hawansa. Namu aikin shi ne mu fara sanin wanda za mu auna kafin mu sassaƙa mudu.