Dainoson Fim da Dainoson Ƙasa: Ina Gashin Ya Tafi?

Da yawanmu a fim muka fara ganin dainoso, kuma kusan kullum fim ɗin shi ne Jurassic Park, wanda Steven Spielberg ya fitar a 1993 daga littafin Michael Crichton na 1990. Dabarar labarin mai daɗi ce: sauro ya sha jinin dainoso, ya maƙale a cikin ƙaron itace, ƙaron ya daskare, sai masana suka zuƙo jinin suka sake halittar dabbar, inda ƙwayoyin gadon suka yi giɓi kuma aka cike da na kwaɗo. A zahiri hakan ba ta yiwuwa. DNA mafi tsufa da aka taɓa karantawa, wanda aka samo a Girinlan, shekararsa kusan miliyan 2 ce, alhali manyan dainoso sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Wannan ba mu riƙe shi laifi ba, don kowane ƙagaggen labari yana da ƙaryar da yake tsayawa a kanta.

Ƙorafinmu yana kan siffar dabbobin. Mu ɗauki Velociraptor, wanda ya farauci yara a ɗakin girki. Na gaskiya, wanda aka tono a Mongoliya, bai fi talotalo babba tsayi ba, nauyinsa kusan kilo 15. Na fim ya ɗauko jikin wani ɗan'uwansa ne, Deinonychus, wanda John Ostrom ya bayyana a 1969, sannan aka ƙara masa girma. Dilophosaurus kuwa, wanda ya buɗe lema a wuya ya tofa dafi, babu wata shaidar lema ko dafi a ƙasusuwansa, kuma tsawonsa ya kai mita 6, ya ninka na fim nesa. Shi kuma T. rex da aka ce ba ya ganin mutum in ya tsaya cak, idanunsa suna fuskantar gaba, ganinsa mai kaifi ne. Rurin da ya firgita mu ma haɗin kukan ɗan giwa ne da kada da wasu dabbobi.

Duk da haka, fim ɗin 1993 ya cancanci yabo. Kafin shi, a tunanin jama'a dainoso ƙadangare ne mai nauyin jiki, yana jan wutsiya a ƙasa. Spielberg ya bi ilimin zamaninsa, ya nuna su da zafin nama, wutsiya a sama, har jarumin fim ɗin ya yi ta nanata cewa tsuntsaye jikokinsu ne.

Inda aka kauce hanya shi ne daga baya. A 1996 aka sanar da gano Sinosauropteryx a lardin Liaoning na Sin, da sawun gashi a jikinsa. A 2007 aka ga gurbin gashin fuka-fuki a ƙashin hannun Velociraptor kansa. Amma da Jurassic World ya fito a 2015, sai ga su nan da fatar ƙadangare kamar ba a gano komai ba. Masu fim ɗin sun san da wannan, shi ya sa suka sa masanin da ya ƙirƙiri dabbobin ya kare kansa da cewa tun farko ba na asali ba ne, an cuɗanya su da wasu halittu don masu kuɗi suna son mai ban tsoro. Nan kwaɗon ya zama mafaka. Sai a 2022 aka ga masu gashi sosai a Jurassic World Dominion, shekara 26 bayan Liaoning.

Wani zai ce ai fim ne, me ya yi zafi? Abin da ya yi zafi shi ne an mayar da dabba dodo. Dodo ba ya ƙoshi, ba ya barci, ba shi da aiki sai bin mutum. Dabbar gaskiya kuwa ta fi haka ban mamaki. A hamadar Gobi an tono wani dainoso yana kwance kan ƙwansa, ya baje hannuwa kamar kaza a akurki. A Gadoufaoua ta Nijar an tono Nigersaurus, mai baki faffaɗa da haƙora kusan 500, wanda ke kiwo da kai a ƙasa kamar saniya. A can ne kuma aka sami Suchomimus mai cin kifi, wanda aka ambaci sunansa a Jurassic Park III, aka wuce.

Don haka mu ci gaba da kallo, mu ji tsoronmu, mu yi dariya. Amma in yaro ya tambaye mu yadda Velociraptor yake, kada mu miƙa masa waya. Mu fita da shi tsakar gida, ya dubi ƙafar zakara da kyau, yatsu uku a gaba da ɓawon fata da ƙumba.