Tatsuniyar Ƴaƴan Lir da Masu Neman Waraka

Tun bayan littafin Joseph Campbell na 1949 kan tafiyar jarumi, marubuta da dama a Turai da Amurka suna ɗaukar tatsuniyoyin Keltawa tamkar maganin damuwar zuciya. Tatsuniyar ƴaƴan Lir ta ƙasar Ailan tana nuna raunin wannan mazhaba.

Aoife, ƙanwar mahaifiyarsu wadda ubansu ya aura, ita ce ta rikiɗar da yaran huɗu suka zama fararen tsuntsayen ruwa har shekara 900. Masu neman waraka sukan fassara wannan da cewa wahala tana sabunta mutum. Sai dai matanin bai ba su goyon baya ba. Da sihirin ya karye, yaran sun fito tsofaffi tukuf, aka yi musu baftisma, suka mutu. Ƙuruciyarsu ba ta dawo ba.

Ɗalibin da ya san makircin kishiyar uwa a tatsuniyar Hausa zai gane jigon nan take: kishi ne a cikin gida. Mai nazarin da ya mayar da Aoife wani ɓangare na zuciyar mai karatu ya wanke ta daga laifin da ta aikata.