Sauƙin Hannu: Koyon Askin Reza Daga Wanzaman Batsari da Safana

Duk wanda ya taɓa miƙa wa wanzami kansa a kasuwar Batsari, ko a gindin wata bishiya a Runka, ya san askin ruwa ba ya da hayaniya. Mutum zai zauna a tabarma, ya cire hula ya kifa a gwiwa, ya sunkuyar da kai ga wanda ke riƙe da ƙarfe mai kaifin tsiya. Kafin a gama hirar farashin rogo, kai ya fito tal, babu ƙwarzane ko ɗaya. Wani ma gyangyaɗi ke ɗaukarsa ana cikin yi.

Wanzanci sana'ar gado ce. Yaro kan fara da riƙon zabira, yana bin ubansa gidan suna, inda ake wa jariri askin kwana bakwai, yana kallon yadda ake ƙaho da kaciya, ya daɗe yana miƙa ruwa da sabulu kafin a yarda ya ɗora aska a kan wani. Daga Ruma da Wagini har Zakka da Safana, har gobe ana girmama mai wannan sana'a, ana kiransa Sarkin Aska ko da ba a naɗa shi ba.

Sai dai samari sun daɗe da komawa shagon masu kilifa. Ita kuwa kilifa tana son wuta, wuta kuma ba kullum take zuwa ba, sai janareto ko sola. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin aski ya bi sahun sauran kaya. Ga kuma halin tsaro a garuruwan da ke bakin dajin Rugu, wanda ya sa mutum kan auna kafin ya hau hanya don ƙaramar buƙata. Wanda ya iya yi wa kansa aski da kofin ruwa da guntun sabulu ya rage wa kansa dogaro ɗaya. Kayan aikin da ya fi dacewa da ɗan koyo shi ne gidan reza na ƙarfe, irin wanda iyayenmu ma'aikata da tsofaffin sojoji ke ajiyewa a akwati.

Yadda ƙarfen yake

Guda uku ne ake haɗawa: mariƙi, da farantin ƙasa, da murfi. Ana ɗora reza mai baki biyu tsakanin murfin da farantin, a murɗa mariƙin har ya ɗaure. Ɗaurin yana ɗan lanƙwasa rezar, ya bar siririn bakinta kawai a waje, farantin kuma ya riƙa shiga gaba yana daidaita fata kafin kaifi ya iso. Dabarar ke nan gaba ɗaya.

Wani Ba'amurke ɗan tallan kaya, King Camp Gillette, shi ya yaɗa wannan tsari na rezar da ake yarwa in ta dushe. Ya kafa kamfaninsa a Boston a 1901. A 1903, shekarar da ya fara sayarwa, gidan reza 51 da reza 168 kacal aka saya. Ya sami takardar mallakar fasahar a 1904, sannan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara buɗe masa kasuwa, lokacin da Amurka ta raba wa sojojinta kayan askinsa, suka koma gida da sabo. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da rezar da ba ta saurin tsatsa. Tun daga lokacin siffar rezar ba ta sauya ba har yau, shi ya sa Tiger ko Nacet ɗin da ka saya a teburin mai kayan koli za ta zauna daram a gidan rezar kakanka.

Abin da injiniyoyi suka yi shi ne sun ɗauki ɗaya daga cikin sirrin wanzami, wato hana kaifi nutsewa, suka zuba shi a ƙarfe. Sauran sirrin suna nan a hannu, kuma sai an koya.

Ruwa kafin ƙarfe

Ka lura da wanzami: lokacin da yake ɓatawa wajen jiƙa kai yakan kusa kai na askin kansa. Zai ɗibi ruwa a tafi, ya shafa, ya goga sabulu, ya yi ta murzawa da yatsu kamar ba shi da wani aiki. Ɗan koyo yakan ɗauka al'ada ce kawai, alhali rabin askin ke nan. Busasshen gashi yana da tauri ƙwarai. Idan ya sha ruwa na minti biyu zuwa uku sai ya kumbura ya yi laushi, reza ta yanke shi ba tare da ta fizge shi ba. Don haka mafi kyawun lokaci shi ne bayan wanka, da ruwa mai ɗumi.

Kumfar da ake so mai santsi ce, mai ɗan kauri, wadda ke zama a fata. Sabulun salo yana yi, sabulun wanka ma yana yi, in an samu buroshin aski ya fi tayar da gashi. Ruwan rijiya mai zartsi ba ya son kumfa, gara a nemi na sama ko na famfo mai daɗi. Da hunturu kumfa kan bushe kafin a kai rabi, saboda haka a riƙa shafawa yanki yanki, inda ya bushe a sake jiƙawa. Kada reza ta taɓa inda babu santsi. In suma ta yi yawa, a fara rage ta da almakashi, domin dogon gashi yana toshe gidan reza.

Riƙo da kwana

Manomi ya san fartanya: in ka miƙar da ita tsaye sai ta kafe a ƙasa, in ka kwantar da ita da yawa sai ta zame a kan ciyawa, tsakanin nan ne take shara. Haka reza take. Masana aski suna cewa kwanar digiri 30, amma ba wanda ke aski da ma'auni. Ka ɗora bayan murfin a kunci, mariƙin yana kallon waje, sannan ka riƙa sauke mariƙin a hankali kana ja ƙasa. Daidai inda ka ji ta fara cin gashi, da wani siririn sauti ƙar-ƙar, nan ne wurin. Kunne yana koyar da wannan fiye da madubi.

Sai babban darasi, wanda ya fi wuya domin ya saɓa wa abin da hannu ya saba: kada ka danna. Wanda ya taso da rezar roba ya saba dannawa, saboda ba ta da nauyi. Gidan reza na ƙarfe nauyinsa ya ishe shi. Ka riƙe shi da yatsu uku, can wajen ƙarshen mariƙi, ka bar shi ya sauka da kansa. Yawancin yanka da raɗaɗin da ɗan koyo ke sha daga dannawa suke. Idan tsofaffi suka ce wane yana da sauƙin hannu, abin da suke nufi ke nan, kuma a kansa ake fifita wani wanzami a kan wani.

Ja ya zama gajere, kamar tsawon gaɓar yatsa, kuma a miƙe. Reza ba ta cika yanka mutum in tana tafiya gaba ba. Ta fi yanka in ta zame gefe. Bayan ja biyu ko uku a juya ɗaya bakin, sannan a kaɗa ta a ruwa.

Sanin kwanciyar gashi

Kafin ranar farko, ka bar gashi ya yi kwana biyu, ka shafa shi da yatsa ta kowace fuska. Inda ka ji santsi, nan ya kwanta. Inda ka ji kaushi, ka saɓa masa. A kunci yawanci ƙasa yake kallo. A wuya kuwa kowa da nasa: na wani sama, na wani gefe, na wani ya murɗe a gefen zakaran wuya. A tsakar ka yana zagayawa ne. Zagayen farko ya bi kwanciyar gashi. In ana son ƙari, a sake kumfa, a ratsa shi ta gefe. Saɓa masa kai tsaye ba na ɗan koyo ba ne.

Wannan ya fi shafar mu fiye da Turawan da suka ƙera rezar, domin gashinmu murɗaɗɗe ne. In aka yanke shi can ƙasa, sai tsininsa ya lanƙwaso ya soki fata, ko ya tsiro ta ciki, ƙuraje su feso a wuya da haɓa. Rezar zamani mai baki uku ko biyar tana jan gashi kafin ta yanke, ya koma ƙarƙashin fata, shi ya sa likitocin fata kan shawarci mai irin gashinmu ya tsaya ga reza guda ɗaya, irin ta gidan ƙarfe. A nan ma akwai inda ba a kwaikwayon wanzami ido rufe. Shi yana miƙe fata da babban yatsa don ya san iyakar da zai tsaya. Kai ɗan koyo, ka daidaita ta kawai, kada ka ja ta har ta ɗaure. Wanda kuma ƙeyarsa ta fara maƙero, ya ɗaga mata ƙafa, ya nemi likita, domin aski a kan ƙuraje ƙara su yake.

A ƙasarmu aikin reza bai cika zama na kwashe gemu ba. Yawancin magidanta suna barin gemu da saje saboda sunna, abin da suke so shi ne gyaran fuska: a share saman kunci, a fitar da layin saje, a tsabtace wuya. Sai askin kai ƙwal kwabo, da tsabtar hammata da mara, wadda hadisin Anas a Sahihu Muslim ya iyakance kada ta wuce kwana 40. Gidan reza na ƙarfe ya fi rezar zamani iya fitar da layi, don kana ganin daidai inda kaifi zai sauka.

Askin kai shi ne jarrabawa. A fara daga gefe, inda ido ke gani, sannan sama. A bayan kunne a naɗe kunnen da yatsa. A ƙeya hannun hagu ne ido: yana gaba yana lalube, reza na biye. Mai tsiro ko tabo a ka ya ɗora yatsa a kansa ya zagaye shi. An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma akwai dalili: a lokacin kumfa ta bushe, reza ta gaji, mai yi ya ƙosa ya gama. Nan ne ake sake jiƙawa, a rage sauri.

Bayan an gama

A wanke da ruwan sanyi. A jiƙa ɗan alif, irin wanda ake kwantar da ruwa da shi, a shafa. Yana tsayar da jinin ƙananan yanka, kuma shi ne alƙalin aikin: duk inda ya yi maka zafi, nan ka danna. Bayan ɗan lokaci a ɗauraye, a shafa man kaɗe kaɗan.

Reza ba ta daɗewa. A 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun wallafa a mujallar Science cewa gashi, wanda ƙarfen reza ya fi shi tauri kusan sau 50, yana ɓantarar bakinta ƙanana ƙanana, musamman in ya lanƙwashe a gabanta. Da ka ji ta fara ja maimakon yanka, kwananta ya ƙare. Kada a goge bakinta da tsumma. A ɗauraye, a kwance gidan, a bar shi ya bushe.

Reza ba a aronta, ko tsakanin wa da ƙane. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jinin da ido ba ya gani. Wanzamai da yawa sun gane haka, sun koma askar da ake sa wa rabin reza, suna ɓare sabuwa a gaban mai aski. Tsohuwar kuma a jefa ta a gwangwani mai murfi, domin wadda aka yar a tsakar gida, gobe tana hannun yaro yana fiƙe fensir.

Makonnin farko ba sa rasa ɗan jini, aski kuma yakan ci lokaci. Kada a sauya komai a lokacin: reza iri ɗaya, sabulu iri ɗaya, har hannu ya gane. Wata rana za ka lura ka gama ba ka yi tunanin kwana ba, alif kuma bai cije ka ba.

Duk da haka akwai abin da ba a koya a gaban madubi. Kan jariri ɗan kwana bakwai, mai taushin maɗiga, ba wanda zai miƙa shi ga gidan reza. Na Sarkin Aska ne. Kuma wanda ya gwada aske ƙeyarsa da kansa shi ya fi kowa sanin darajar mutumin da ke yin haka da tsirarar aska, a kan mutum bayan mutum, yana hira. Saboda haka ranar kasuwa ka je ka zauna kusa da shi, ka kalli wuyan hannunsa, ka biya a yi maka ko sau ɗaya a wata. In ka yi naka a gida, ka cire hula ka ce, “Baba, duba mini.” Zai bi kan da babban yatsa tun daga goshi har ƙeya. In ya ce, “Yaro, hannunka ya fara sauƙi, amma ka baro saura a bayan kunne,” to ka kama hanya.