Masu Karanta Abin da Marubuci Ya Soke

A watan Yulin 2013 aka yi gwanjon wasu littattafan rubutu guda shida a gidan gwanjo na Sotheby's da ke Landan, irin littattafan nan da ɗan makaranta ke cusawa a jaka. Jami'ar Reading ta Ingila ce ta ɗauke su a kan fam 962,500. A cikinsu ne Samuel Beckett, marubuci ɗan ƙasar Ailan, ya rubuta ƙagaggen labarinsa mai suna Murphy da hannunsa, tsakanin Agustan 1935 da Yunin 1936. Littafin ya fito tun 1938, kuma duk mai so yana iya sayensa da kuɗi kaɗan. Abin da jami'ar ta zuba wa wannan dukiya shi ne abin da bai shiga littafin ba. Jumlar buɗe labarin kaɗai sai da Beckett ya soke ta aƙalla sau takwas kafin ta zauna. A wasu shafukan kuma, inda tunani ya tsaya masa, alƙalami ya koma zane, har da siffar James Joyce da ta Charlie Chaplin.

Takarda irin wannan ba ta magana da kowa. Akwai mutanen da suka ƙare rayuwarsu wajen koyon karanta ta, kuma gwanintarsu ta daɗe tana burge ni.

Matakin farko shi ne sanin hannu. Rubutun Beckett ya yi suna wajen wuyar karantawa: ƙanana ne haruffan, a kwance, suna gudu, kuma da harsuna biyu yake aiki, Ingilishi da Faransanci. Mai nazari yakan zauna da shi watanni har idonsa ya saba, kamar yadda almajiri ke gane hannun malaminsa a allo ko daga nesa. Sai ya san yadda mutumin ke lanƙwasa kowane harafi in yana sauri, da yadda yake yi in ya natsu. Daga nan ne ake iya tunkarar kalmar da aka ja wa layi biyu ko uku a kai, ana bin kan harafi da ya leƙo sama da layin, da wutsiyar wani da ta sauko ƙasa, har kalmar ta fito.

Karanta kalmar ma somin-taɓi ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a gane yaushe aka soke ta. Idan marubuci ya soke kalma, sannan wadda ta maye gurbinta ta biyo a kan layi ɗaya, to nan take ya canza shawara, alƙalami bai ko huta ba. Idan kuwa sabuwar kalmar ta maƙale a saman layi ko a gefe, to sai da ya gama jumlar ya dawo mata, wataƙila bayan awa guda, wataƙila bayan wata shida. Launin tawada yana ba da shaida: shafi da baƙar tawada, gyara da shuɗiya ko ja, ka san zama biyu ne. Beckett yana da al'adar rubutu a shafin dama ya bar na hagu fili, don ƙari da gyara da zane. Saboda haka mai karatu sai ya dinga tsallakawa tsakanin shafukan biyu yana neman inda kowane ƙari ya kamata ya shiga. Wani taimako da Beckett ya bar wa masu nazari shi ne yakan rubuta kwanan wata da wurin da yake, Faris ko ƙauyen Ussy inda yake da ɗan gidan da yake keɓewa.

Sai babban aiki, wato jera daftarori. Takardun Beckett a warwatse suke. Wasu suna Reading, inda James Knowlson ya kafa musu taska bayan wani baje koli a 1971. Wasu suna cibiyar Harry Ransom a Austin ta jihar Teksas, har da littattafai shida na labarin Watt, wanda ya soma a Faris a 1941 ya ci gaba da shi a ƙauyen Roussillon lokacin da yake ɓuya wa 'yan Nazi. Wasu suna kwalejin Trinity ta Dablin, wasu a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa. Wasa ɗaya sai ka tarar rubutun hannunsa yana wata nahiya, kwafin tafireta yana wata. Kuma ba kowane kwafi ke ɗauke da kwanan wata ba.

Dabarar da ake bi tana da sauƙin faɗa. Idan gyaran da aka yi da biro a kan wani kwafi ya bayyana a buge cikin wani kwafin, to na biyun ƙanen na farko ne. A aikace kuwa abin yana rikicewa, domin akwai kwafin kabon. Marubuci yana iya buga shafi da kabon, ya gyara na sama yau, ya gyara na ƙasa bayan mako da wasu gyare-gyare dabam, sannan ya ɗauki rabi daga nan rabi daga can. Wanda ya taɓa ganin malami ya zazzage gafaka yana jera warƙoƙin tsohon littafi marar ɗinki, yana bin kalmar da magabata ke rubutawa a ƙasan shafi don nuna wadda za ta buɗe shafi na gaba, zai fahimci irin natsuwar da ake bukata. Bambancin kawai, a nan ba wanda ya bar alamar da gangan. Sai an tono ta.

To me ake samu bayan duk wannan wahala? A nan ne abin ya fi kama ni. Beckett ya rubuta shahararren wasansa Waiting for Godot da Faransanci cikin littafin rubutu guda, daga 9 ga Oktoban 1948 zuwa 29 ga Janairun 1949. A farkon rubutun, ɗaya daga cikin mutanen nan biyu masu jira a bakin hanya sunansa Lévy, sunan Yahudawa, shekara uku kacal bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya ya zama Estragon. Da sunan farko ya tsaya, da kowane ɗan kallo a Faris ya ce ai wasan a kan abin da aka yi wa Yahudawa ne, ya rufe maganar a nan. Da aka cire shi, sai jiran ya zama na kowa.

Haka ma wasan Happy Days, wanda ya soma a Oktoban 1960, inda wata mata take binne cikin tudun ƙasa har ƙugu, daga baya har wuya. A wani daftari na farko mijinta yana karanto labaran jarida game da rokoki da suka faɗo wa wasu wurare. Wannan ya isa ya bayyana wa mai kallo dalilin da duniyar wasan ta zama kufai. Beckett ya share shi. A kan ɗaya daga cikin kwafin tafireta na wasan ma ya rubuta wa kansa umarni da kalma guda, ma'anarta a dusashe abin, a rage masa fitowa fili. S. E. Gontarski, wanda ya yi nazarin waɗannan daftarori, ya gina littafi guda a 1985 a kan wannan hali na warware abin da aka riga aka saƙa. Mai karanta bugaggen littafi yana iya zaton Beckett mutum ne da bai da abin faɗa da yawa. Mai karanta daftari ya san da cikakken buhu yake farawa, yana ta zubarwa har sai abin da ba ya zubuwa ya rage.

Wani zai ce tonon asiri ne a karanta abin da mutum ya soke da hannunsa. Na ɗauki wannan ƙorafi da muhimmanci, amma bai kama Beckett ba. Shi da kansa ya ba abokinsa Brian Coffey littattafan Murphy, kuma shi ya dinga aika wa Reading takardunsa shekara da shekaru. Ya san za a karanta. Abin da ya rage a wuyan mai nazari shi ne amana, kuma gwanayen wannan fanni suna riƙe ta ta hanyar da nake girmamawa ƙwarai: in kalma ta ƙi karantuwa, sai su sa alamar cewa ba ta karantu ba, in zato suke yi, sai su nuna zato ne. Ba su cusa wa mamaci magana a baki don shafi ya yi kyau.

Tun 2011 Dirk Van Hulle na jami'ar Antwerp a Beljiyam da Mark Nixon na Reading suke jagorantar aikin haɗa waɗannan takardu a intanet. Ana ɗora hoton kowane shafi tare da kwafinsa da aka buga, har da duk abin da aka soke, kuma mai karatu yana iya zaɓar jumla ɗaya ya ga yadda ta sauya daga daftarin farko zuwa bugu, cikin harsunan biyu. Kwamfuta tana jerawa, amma idon mutum ne ya fara karanta kowace kalma.

Da rubuce-rubucen Beckett na ƙarshe suka buɗe aikin. A cikinsu akwai 'yar gajeruwar waƙa mai suna Comment dire, wadda ya rubuta a 1988 bayan ya faɗi a gida, ya yi jinyar da ta taɓa masa magana na wani lokaci. Waƙar a kan neman kalmar da ta ƙi zuwa take, layukanta suna katsewa a tsakiya. Yana da shekara 82 a lokacin, hannunsa yana rawa, kuma ko a wannan shafin akwai kalmomin da ya soke ya sake. Ya juya ta zuwa Ingilishi a 1989, ya rasu a Faris ranar 22 ga Disamba na shekarar.